Ƙugiya a Cikin Madiga

Shekarar da ta bi samun mulkin kai na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kende, gemuna ya soma furfura. Sana'ata gyaran keke. Malaminmu kuwa saurayi ne gajere, daga Bagudo yake zuwa a kan wani tsohon babur da ya sayo a hannun mutanen Dahome. Babur ɗin ya fi shi tsawo. In zai tsaya sai ya nemi kututture ya ɗora ƙafa, in bai samu ba su kwanta tare.

Rannan ya ce, "Baba, rage mini tsawon abin nan."

Ban taɓa taɓa babur ba, amma ban faɗa masa ba. Na yanke sifirin ɗin baya, ƙarfen nan mai lotsawa, babur ya durƙusa, ƙafar Malam ta taɓa ƙasa. Abin da ban lura da shi ba, wayar fitilar baya ta bi ta tsakiyar madiga, ƙarfen nan da ke rufe taya. Yanzu taya ta matso kusa, kowane rami sai ta lashi wayar. Kwana uku ta cinye ta, fitilu suka mutu gaba da baya, Malam ya shiga gonar gero da magariba.

Ya zo da ƙaiƙayi har cikin kunne, ya ce in ba a gyara ba ya daina zuwa Kende. Saura wata guda a yi jarrabawar takardar shaida, ni kuma a duniya ba abin da nake so kamar in sa hannu da alƙalami, in huta da dangwala yatsa.

Na ɗauki allin aji na shafe tayar fari fat. Na kira wani ɗan ajinmu mai sayar da kifi a kasuwar Lolo, mutum kamar rumbu.

"Zo zauna nan."

"Mi kaka nufi? Ni na zama buhun gwaji?"

"Buhu ya fi ka sanin baƙaƙe. Zauna."

Ya zauna, babur ya yi nishi, muka tura shi taku goma. Da na leƙa cikin madiga, alli ya zana duk inda taya ke taɓawa. Gefe ɗaya ne kawai ya tsira, siriri. Nan zan bi da sabuwar waya, amma me zai riƙe ta?

Kullum Malam na yi mini dariya, wai ƙugiyar da nake sa wa harafin ƙa da na ɗa ta isa kama giwan ruwa. To, irinta na lanƙwasa da sifoki, siraran ƙarafan ƙafar keke, guda biyar, na maƙale wayar a gefen.

Malam ya duƙa ya duba ya daɗe. Ya ce, "Baba, yau kam ƙugiyarka ta zauna daidai."

Bai sake fashin aji ba. Na ci jarrabawa, ko da yake ya rage mini maki a rubutu. Wai ƙugiya ta yi yawa.