Ni Na Ɗauki Gudumar, Oumarou

Na Allah muke, kuma gabansa za a tara mu, da mai kaki da mai riga duk baƙin mai. Ranar Talata, 12 ga Maris 1985, bayan azahar, aka iske ni da labarin Oumarou makanisiye, mai gyaran mota a kasuwar Katako, ya rasu a gidansa da ke Saga, kwana tara da sako shi daga kulle.

Ni ne Bala direban kamyo, babbar motar kaya, Bagobiri, uban ƴaƴa bakwai. Aji uku na yi a lakwal kafin malam ya gane dutse yake ba ruwa, don haka a yi haƙuri da rubutun. Oumarou Bazabarme ne, abokin wasana. Shekara goma sha biyar yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana.

Oumarou, a wurin zaman makokinka na ji wani, bakinsa cike da goron sadakarka, yana raɗa wai kai ne ka lalata motar taimako. Kai! Mutumin da ke murza supap, wato bawul ɗin inji, tsakanin tafin hannu kamar mace na burga miyar kuka, ya zuba isans, wato fetur, a kai, ya zauna ya sha shayi, in ɗigo ɗaya ya zurara ya koma farko? Mutumin da ya tayar da tsohuwar motar asibitin wani ƙauye bai karɓi ko na goro ba? Yau kai ake wa raɗa?

To, ga abin da ya faru. A watan Janairu aka ce in kai jar dawa Zarmaganda, inda fari ya sa mutane cin anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci. Injin kamyona ya tsufa, gid ɗinsa sun cinye, wato ƴan bututun da ƙafar supap ke hawa da sauka a ciki. Kai kana da ƙa'ida: a dafa kan inji cikin mai mai zafi ya buɗe, a kwantar da sababbin gid cikin ƙanƙara su tsuke, sai su shige ba gardama. Wani ajidan na soja da aka ɗora kan jigilar ya ce la'asar ta yi mana a hanya. Ka ce masa, "Mon ajidan, ƙarfe bai san galan ɗin kafaɗa ba." Ka hau keke neman ƙanƙara, don wuta ta ɗauke tun safe.

Ajidan ya dube ni ya ce, "Kai, ba ka da hannu ne?"

Ina da hannu. Kan tunani ne babu. Na ɗauki guduma na dinga dukan gid ɗin nan a bushe, ina jin kaina injiniya. Ka dawo da buhu yana ɗigar ruwa, ka duba aikin, ka dube ni, ka ce injin nan ba zai ga Ouallam, babban garin Zarmaganda, ba. Aka daka maka tsawa, ka haɗa shi. Ko kilomita arba'in ba mu yi ba supap ta maƙale, fistan ya same ta, inji ya mutu. Dawa ta kwana uku a daji, masu jiranta suna jira.

Wanda ya ba da odar shi ya rubuta "sabotaj", wato ɓarna da gangan, da hannunsa. Da aka tambaye ka wa ya sa gid, ka ce, "Garajina ne." Aka kulle ka, sati shida kana kwana kan siminti da tsohon tarinka. Ni kuwa ina gida ina ƙirga bakuna bakwai, ina ce wa tsorona haƙuri. Ajidan yana nan, takalminsa na ƙyalli, ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Haushinsa nake ji, amma bai kai haushin mai gudumar ba.

Da aka sako ka na je Saga, na kasa ɗaga ido. Ka yi tari, ka yi dariya, ka ce, "Bawana, ai ubangida ke ɗaukar laifin bawa. Yanzu ka yarda?"

Ban amsa ba ranar. Yau na amsa a rubuce, da sunana, kowa ya karanta, har masu galan. In kamyon ne za a karɓe, a karɓe. In simintin ne, na san wanda ya ɗuma mini wurin.

Balki, uwar gida, ki gaya wa ƴaƴanki ubansu bai taɓa dukan ƙarfe a kan zalunci ba. Ban ce ki yafe mini yau ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Allah ya jiƙan Oumarou, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya masa fiye da ƙanƙarar da ta narke a hannunsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mu ruwa bana, ya ba masu oda kunnen sauraro.

Ka ci gardamar, ubangidana.

Bawanka, Bala.