Ranar da Na Roƙi Jini a Ƙofar Asibiti

Da damina ne, masara ta fara goyo, 'yata ta fari ta kwanta ciwo. Ba ta cika shekara huɗu ba a lokacin. A Madadi muke zaune, ni da ita da surukata, wadda kowa a gidan yake kira Inna. Mijina direban babbar mota ne, ya yi lodin hatsi zuwa kudu. Ni kuma ina da ciki, har ya fara nauyi.

Da farko zazzaɓi ne irin wanda kowane gida ya saba da shi idan ruwa ya zauna. Da yamma jikinta ya ɗau zafi, ta yi ta rawar sanyi, da safe ya sauka ta ɗan tashi ta yi wasa. Na je kemis aka ba ni maganin maleriya, ƙwayoyin nan rawaya, aka ce in murƙushe in ba ta idan ta ci abinci. To ina abincin? Ko koko na ba ta sai ta dawo da shi har da maganin. Na sake ba ta, ta sake amayarwa. Inna ta dafa ganyen darbejiya ta yi mata wanka, jikin ya yi sanyi na ɗan lokaci, sannan ya koma kamar garwashi.

Wata safiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na ji Inna ta rafka salati a ɗaki. Na zubar da rariyar na shiga. Yarinyar ta sandare a kan tabarma, idanu sun kafe sama, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Na kira ta, na girgiza ta, ba ta san ina yi ba.

Inna ta ce, "Iska ce ta taɓa ta. Ɗebo mini garwashi in yi mata hayaƙi."

Na ce, "Inna, ki yi mini rai, asibiti za mu."

Ban taɓa musa wa Inna magana ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi jikarta, sai kawai ta jawo mayafinta ta leƙa zaure ta ƙwala wa ƙanin mijina kira ya fito da babur.

Ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ya soki yatsanta, ya ɗiga jinin a wani ɗan farin abu, ba a jima ba layi biyu suka fito. Ya ce maleriya ce, kuma ta yi tsanani. Ya yi mata allura, ya buɗe tafin hannunta ya nuna mini. Fari fat, kamar an jiƙa shi a ruwa ya kwana.

Ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin nan. Jininta ya yi ƙasa sosai. Ku wuce Gwarzo yanzu, kada ku biya gida."

Mu uku a babur ɗaya, ga yarinya a ƙirjina tunda ciki ya hana ni goyo. Ruwan da aka yi ya cinye hanya a wani kwari, dole muka sauka. Ƙanin mijina ya tura babur, ni da Inna muka tattare zani muka shiga ruwa har gwiwa. A tsakiyar ruwan ta sake fizga a hannuna, na ji kanta ya langaɓe a kafaɗata. Na tsaya cak. Inna ta dafa bayana ta ce, "Tafi! Tana numfashi, ina gani. Tafi!" Ban sani ba ko da gaske ta gani, ko faɗa kawai ta yi don in ɗaga ƙafa.

A babban asibiti aka karɓe ta da sauri. Suka sha wahala kafin su sami jijiya, a ƙarshe sai a gefen kanta suka samu. Aka sa mata ruwa, aka yi mata allurar maleriya ta jijiya. Likita ta ce maganin zai kashe cutar, amma ba zai mayar da jinin da ya tafi ba. Sai an ƙara mata jini, kuma yau. Irin nata ya ƙare a wurinsu, sai mu kawo wanda zai bayar.

Na miƙa hannuna. Mai ɗakin gwaji, wani dattijo mai gilashi, ya dubi cikina ya girgiza kai. Inna ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Malam, ɗebi nawa. Ni na gama amfani da shi." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, shekarunki sun wuce." Aka ɗebi na ƙanin mijina a gwada.

Muna jiran sakamako na kasa zama. Na ce wa dattijon, "Malam, don Allah ina jinin ya tafi? Ba ta yanke ba, ba ta yi haɓo ba. Ina ya tafi?"

Ya yafito ni wurin na'urar da yake leƙawa, ya ce in sa ido. Da ƙyar na gane abin da nake gani: wasu 'yan da'irori birjik, a cikin da yawansu akwai wani ɗan abu kamar zobe mai ɗigo.

Ya ce, "Da'irorin nan ƙwayoyin jinin 'yarki ne. Zoben nan kuma halitta ce mai rai. Sauro ne yake ɗauko ta daga jikin wani ya zuba a jikin wani. Ta fara ɓuya a hanta ta hayayyafa, sannan ta fito ta shiga ƙwayar jini ta cinye cikinta, ta fasa ta, 'ya'yanta su shiga wasu. Duk fashewar nan ita ce zazzaɓin da kike ji a jikinta. Idan suka yi yawa har hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa suke toshewa, shi ya sa take fizga."

Duk rayuwata ina cewa zazzaɓin cizon sauro, amma a zuciyata na ɗauka zafi ne kawai da ke zuwa da damina ya wuce. Ban taɓa sanin wani abu ne mai rai yake cin yarinyata daga ciki ba, ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita.

Jinin ƙanin mijina bai dace ba. Ya hau babur ya koma gida nemo 'yan uwa, amma ni na san kwarin nan, na kuma ga idon likita. Na kira mijina, wayarsa ba ta shiga.

Sai na fita ƙofar asibiti. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, na tsaya a tsakanin 'yan acaɓa da masu gasa masara na ce, "Bayin Allah, ku taimake ni da jini. 'Yata ce za ta mutu." Wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ce gona ke jiransa, idan aka ɗebe masa jini da me zai yi noma. Wani ya ce bai karya ba. Na durƙusa a cikin taɓo ina riƙe da cikina, ina maimaita magana ɗaya. Wani saurayi ya ajiye babur ɗinsa ya biyo ni, Allah ya saka masa, amma da aka gwada shi ma bai dace ba.

Na dawo barandar ɗakin yara. A nan na ga wani mutum tsaye, rigarsa duk jar ƙasar gona, da auduga a manne a gwiwar hannunsa. Yana rungume da yaro a naɗe cikin zani har kai, matarsa a bayansa ta toshe baki da mayafi. Tun da muka zo na ga yaron a gadon da ke kusa da namu. An ɗebi jinin uban, kafin a kai ga ɗaura wa yaron, rai ya yi halinsa.

Mutumin ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ke ce ake nema wa 'yarki jini?"

Na gyaɗa kai.

Ya juya wurin mai ɗakin gwaji da ya zo wucewa, ya ce, "Malam, nawa da kuka ɗiba yana nan? A duba, in ya yi mata a sa mata."

Dattijon ya shiga da sauri. Da ya fito ya ce ya dace, mutumin ya ce, "Alhamdulillahi. Allah ya ba ta lafiya." Ya gyara riƙon ɗansa ya nufi ƙofa. Inna ta bi shi tana kuka tana tambayar daga ina yake. Ya ce Dugabau, ya wuce.

Na zauna ina kallon jinin yana ɗiga. Kafin la'asar leɓen 'yata ya fara sauya launi. Ba ta farka ranar ba, ba ta farka washegari ba. Aka ci gaba da allurai. Da ta buɗe ido ma ba ta gane ni nan take ba, kuma da aka sallame mu da ƙwayoyin da za ta ƙarasa sha a gida, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Sai da aka girbe gero sannan ta koma gudu a tsakar gida. Tun daga lokacin, zazzaɓi ko na yini ɗaya ne sai an soki yatsa an gwada, kuma Inna da kanta take cusa bakin gidan sauro a ƙarƙashin katifa.

Da mijina ya dawo ya ji labari, ya hau babur ya tafi Dugabau neman mutumin. Bai san sunansa ba, sai ya riƙa tambayar gidan da aka rasa ƙaramin yaro a asibitin Gwarzo a daminar nan. Aka nuna masa gida, aka nuna masa wani, aka kuma nuna masa wani. Kowanne ya shiga ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya kawo maganar jini. Babu wanda ya ce shi ne. Ya dawo da yamma ya jingine babur a zaure, ya daɗe bai shigo cikin gida ba.