Buhunan Dokta Hayaƙi

In ka shiga babbar kasuwar Garwa ka tambayi shagon Hanzala, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Dokta Hayaƙi, kowa zai nuna maka da haɓa. Shagon tukwane ne da kwanuka da fulas, wanda kakansa ya kafa bayan ya sauko daga Kano da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Hanzala na ciki kullum, dogo, siriri, da tabarau, yana miƙa canji ba ya ko ɗaga kai. Ba dokta ba ne. Saura ƙiris ya zama, kuma 'yan kasuwa ba su da abin tsokana mai daɗi irin mutumin da ya rage masa saura ƙiris.

Tun yana ƙarami ba shi da hannun ciniki. Mahaifinsa, Alhaji Isa, ya gwada shi a shago, ya ga yana rage wa mutane farashi tun ba su taya ba, ya ce a kai shi lekol, makarantar boko, kafin ya talauta gidan. Can kuwa kansa ya buɗe, ya yi ta wucewa har jami'a a Ngaundere, inda ya karanta ilimin sinadarai, ya kama binciken digirin dokta.

Abin da ya sa a gaba karan auduga ne. Duk shekara in an gama tsinka, manoma kan tara karan su banka masa wuta don kada ƙwari su ɓuya a ciki. Hanzala ya taso yana ganin hayaƙin a hanyar Pitowa, ga mata kuma suna kukan tsadar itace. Karan nan, in aka niƙa shi aka gasa a rufaffen ƙarfe, da 'yar iska kaɗan yadda ba zai kama da wuta ba, yakan saki gas mai ci, wanda zai dafa tuwo ko ya juya injin niƙa. Wannan an riga an sani. Abin da ake so ya gano shi ne saurin abin: a zafi kaza, minti nawa garin karan ke ɗauka kafin ya ƙare. Sai ya zuba ɗan kaɗan a na'ura mai ma'auni, ya zauna yana kallon nauyin na raguwa, yana rubutawa. Da waɗannan lambobi mai ƙera murhun zai san girman tukunyar da zai yi.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. A ta biyu Alhaji Isa ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yan'uwan Hanzala mata biyu ne, ɗaya tana aure a Marwa, ɗaya a Banyo. Mahaifiyarsa, Inna Hansai, gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya ɗaga mijinta. Shi kuma Alhaji ya rantse da rabin bakin da ya rage masa cewa bare ba zai ga tsiraicinsa ba. Hanzala ya dawo da niyyar yin wata ɗaya, ya tarar da wanka da bayi da shago duk suna jiransa.

Malamarsa, Madam Nadège, ta tausaya. Ta ce ya riƙa samo karan a Garwa, ya niƙa, ya kawo duk wata ya yi kwana biyu a labo, ɗakin gwajin jami'a. Wani tsohon aminin Alhaji, Malam Mahamat, ya ɗauki nauyin jinyarsa a kwana biyun, shi ma da ƙyar Alhaji ya yarda. Hanzala ya cika buhu tara da garin kara, ya jera su a ɗakin ajiyar Inna, kusa da wake da masara.

Daga nan lambobin suka haukace. Tsohon garin da ya bari a labo, minti arba'in yake ɗauka, ko yaushe aka gwada. Wanda yake kawowa daga gida kuwa, a zafi iri ɗaya, wannan watan ashirin da biyar, wata mai zuwa talatin, na gaba ashirin da biyu. Ya zargi laima, ya shanya. Ya zargi ma'auni, Gaston mai kula da na'urori ya kwance shi ya mayar har sau biyu. Ya lura tokar da ke saura ta yi yawa, ya ɗora laifin a kan ƙasar gona, ya koma wanke karan kafin niƙa. Babu abin da ya canza. Shekara uku yana hawa motar Ngaundere da leda a cinya, yana dawowa da ciwon kai, har ya fara tunanin ko kansa ne ya toshe a cikin kwanuka.

Madam Nadège ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa ba za ta sa hannu a kan lambobin da shi kansa bai san dalilinsu ba. Sannan takarda ta zo: ƙarshen watan Yuni za a cire sunansa, ba sauran ƙari.

Wata Alhamis a cikin Afrilu, a tsakiyar zafin nan na Garwa, ya isa kasuwa ya ga ya manta makullin shago. Da ya koma gida ya tarar da ɗakin ajiya a buɗe. Inna Hansai na zaune a kan kujerar tsuguno, rariya a gefe, kwanon toka a gabanta, hannunta cikin buhunsa har gwiwar hannu tana juyawa.

“Inna, me kike yi?”

“Me ka gani? Toka nake sa maka,” ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. “Ɗakin nan gara ba ta barin komai. In ban da ni, da tuni karatun naka ya zama ƙasa.”

“Tun yaushe?”

“Tun buhun farko mana. Duk ran da na sa wa wake, sai in sa wa naka. Kai ka ga ko ƙwaro ɗaya a ciki?”

Hanzala ya jingina da bango. Gishirin da ke cikin toka, wanda ke sa wake ya nuna da wuri in an zuba masa ruwan toka, shi ne ke hanzarta fitar gas. Ya karanta wannan tun shekarar farko, har ya ja masa layi da jan biro. Watan da hannun Inna ya yi nauyi, minti ashirin da biyu. Watan da tokar ta yi mata kaɗan, talatin. Ya duba laima, ya duba na'ura, ya duba ƙasar gona, bai taɓa tambayar matar da ke riƙe da makullin ɗakin ba. Ya so ya yi ihu. Ya dubi fuskarta, ya ga jira take ya gode mata.

“Sannu da aiki, Inna,” ya ce.

A ƙofar gida ya kira Madam Nadège. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce masa da Faransanci, “Hanzala, ka san abin da ke hannunka? Tokar murhu, wadda kowace mace ke zubarwa, tana rage lokacin kusan rabi. Ai wannan shi ne binciken gaba ɗaya. Amma ba za a karɓi awon hannun mahaifiyarka ba. Sabon kara, toka a kan ma'auni, daga farko. Na'urar tana hannunka daga Litinin, mako goma, kullum kana nan. Bayan wannan ba ni da abin da zan iya yi maka.”

Ranar bai buɗe shago ba. Ya je tasha ya yanki tikitin motar ƙarfe takwas ta safiyar Lahadi. Ya samu Malam Mahamat, tsohon ya dafa ƙugu ya ce, “Ɗana, kwana biyun ma da taimakon Allah nake yi.” Ya kira Marwa, ya kira Banyo, kowace ta yi kuka, kowace da goyo da miji. Ranar Juma'a ya kawo wani ma'aikacin jinya mai suna Louis, mutum mai hankali. Alhaji ya juya fuska ga bango, ya ƙi kunu, ya ƙi magani, har Louis ya tafi. Da Hanzala ya durƙusa ya yi masa bayani, tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, “Ka tafi.” Amma hannunsa mai lafiya yana riƙe da bakin rigar Hanzala, kuma bai sake ba.

Da ma faɗa ya yi masa, da ya fi sauƙi.

Safiyar Lahadi jakarsa na zaure. Ya ce bari ya yi wa Baba wanka na ƙarshe kafin ƙarfe takwas. Ya sa hannu ƙarƙashinsa ya ɗaga, sai ya ji tsohon ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya saba. Mutum ne da ya yi shekaru yana kallon nauyi na raguwa, ya san yadda ake lissafa saura. Kwana biyu na ƙin abinci kawai ke nan. Ya zaunar da shi a kujerar wanka, ya jiƙa soso, ya fara daga wuya. Yana cuɗa bayansa a hankali lokacin da agogon falo ya buga takwas, kuma bai ƙara sauri ba.

Da ya fito da bokiti, Inna Hansai na tsaye a ƙofar ɗakin ajiya da kwanonta. Ta ji maganar waya, ta ga jaka, ta haɗa abin da za ta iya haɗawa. Idonta ya yi ja.

“Hanzala, ni na ɓata maka, ko? In daina sawa?”

Ya dubi buhunan tara a jere, tsaf, ba huda ko ɗaya. Ya ajiye bokitin, ya lalubo makullin shago a aljihu, a bayan tikitin.

“A'a, Inna, ci gaba da sawa,” ya ce. “Kar gara ta ci.”