Muryar Malam Gathogo a Majigi

Gathogo Ndiritu malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare da ke Nanyuki, amma ko ɗalibansa da hawan dutse suka fi saninsa. Tun yana saurayi ya fara, har ya kai shekara hamsin da biyu bai fasa ba. Sau goma sha tara ya taka ƙololuwar Lenana a Dutsen Kenya, kullum cikin jar rigar sanyinsa mai faci a kafaɗa. Matarsa Wangechi takan ce da dutsen mace ne, da tuni ta koma gidan iyayenta. Mutum ne mai kirki a gari, sai dai yana son a saurare shi, kuma in ya fara wa'azin girmama dutse da masu aiki a kansa, sai shayin kowa ya huce.

Da aka kawo bikin finafinan hawan dutse garin, shi aka roƙa ya gabatar da fim na uku ranar Asabar da la'asar, don shi ne shugaban ƙungiyar mahaya. Fim ne a kan wata 'yar dako mai suna Nkirote, wadda ta shekara ashirin tana ɗaukar wa mahaya kaya. Bai kalle shi ba kafin ranar. Ya hau dandamali ya yi minti goma yana cewa 'yan dako su ne ƙashin bayan hawa, duk wanda ya wulaƙanta su bai cancanci taka dutsen ba. Aka tafa masa, ya zauna tsakanin Wangechi da abokinsa Mutuma, aka kashe fitila.

Can tsakiyar fim aka nuna Nkirote tana isowa zango cikin yayyafi, jaka biyu a baya, tana ɗingishi saboda ta gurɗe a hanya. Ta sauke kaya, ta durƙusa tana fama da risho. Sai wata murya ta fito daga tanti:

"Ke! Tun yaushe nake jiran shayi? In tsufa ya kama ki, ki zauna gida mana!"

Ba a nuna fuska ba, hannu kawai aka gani ya miƙo kofi, da jar riga mai faci a kafaɗa. Wani daga bayan ɗakin ya yi tsaki. Gathogo ya gane muryar nan tasa ce. Ya tuna ranar sarai, shekara biyu da suka wuce, ya kuma tuna cewa ɗaya daga jakunkunan nan tasa ce. Mutuma ya sunkuyo ya raɗa masa, "Malam, wannan rigar kamar na san ta." Wangechi ta janye hannunta daga kan gwiwarsa.

Da aka kunna fitila aka kira Nkirote dandamali, mutane suka miƙe suna tafi. Ya so ya sulale ta ƙofar gefe, Wangechi ta riƙe shi. "Ina za ka? Ai tare muka zo."

A waje ya tarar da Nkirote zaune kan benci tana cin masara gasasshiya. Ya matsa kusa da ita ya ce, "Mama, ni ne na cikin tantin nan."

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Wane tanti?"

"Mai shayi. Wanda ya yi miki tsawa."

"Au, kai ne? Wallahi ban gane ka ba. Irinku da yawa ne, Malam. In na ce zan riƙe kowa a rai, da me zan ɗauki kaya?" Ta karya masarar ta miƙa masa rabi. "Amma fa jawabinka ya yi daɗi."

Bai san ko zolaya take yi ba. Ya karɓa, ya nemi gafara cikin in-ina, ta ce komai ya wuce.

Ranar Litinin ya shiga aji ya ga ɗalibai suna ƙunshe dariya, don wasunsu sun je kallon. Ya ajiye alli ya ce, "Ni ne. Ba sai kun yi ta raɗa ba." A taron ƙungiya na gaba ya sauka daga shugabanci, ba wanda ya roƙe shi ya zauna. Yana hawa har yanzu, sai dai ya rage surutu ƙwarai. Sau biyu ya nemi Nkirote ta shiga ayarinsa, sau biyun ta aiko cewa ta riga ta yi alkawari da wasu.