Ranar da Muka Tona Gidan Tururuwa a Bakura

Cikin shekarun da na yi ina aikin gandun daji, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da sanin tururuwa ya wanke dattijo daga zargin sata. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna jin ana kirana Sarkin Tururuwa, kuna dariya a bayan idona. Na sani. To ga inda sarautar ta samo asali.

Ina ƙaramin ma'aikaci a Maradun aka turo wani malamin jami'a mai binciken ƙwari, aka ce in riƙa shiga daji da shi. Damina biyu muka yi tare, ni ke riƙe kwalabe, shi yana durƙushe da madubin ƙara girma. A wurinsa na koyi kallon ƙugu da kai da baki, na haɗa da abin da na taso ina ji a gida. Gara ba ta da ƙugu, ba ma dangin tururuwa ba ce. Gwano dogo ne, yana fita a jere ya kai wa gara hari, ya dawo da ita a baki. Kwarkwasa ba ta da gidan dindindin, nama take nema. Cinnaka ƙarami ne, sai harbi mai zafi. Ita kuwa tururuwa, baƙa mai ƙaton kai, ba ruwanta da nama, tsaba kawai take tarawa. Da malamin ya tafi ya bar mini madubinsa, abokan aiki kuma suka bar mini sunan tsokana.

Bayan shekaru aka mayar da ni Talata Mafara. Sashenmu da na noma ofis ɗaya muke. Suna da gonar gwaji a wajen Bakura, inda ake renon albasa a raba wa manoman rani dashe. Yadda ake yi, a ƙarshen damina a gyara fangali, a yafa iri, a rufe da ƙasa kaɗan, a ba shi ruwa. Cikin mako guda ko kwana goma sai ka ga ya tsiro kamar gashi. Mai wannan aikin shi ne Baba Nahantsi, lebura ne da ya fi shekara ashirin a gonar, 'yar albasa ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba.

A shekarar aka kawo ingantaccen iri mai tsada, shugaban sashen noma Malam Sanusi ya damƙa masa da hannunsa. Aka shuka. Mako biyu suka wuce, fangali shida babu abin da ya fito sai tsilli-tsilli a gefe. Nan magana ta fara yawo, wai tsohon ya kai irin kasuwa ya yafa yashi. Malam Sanusi ya rubuta takardar kora, ya ce ranar Litinin zai sa hannu.

Ranar Alhamis da yamma Baba Nahantsi ya same ni a ofis. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, yana ta murza hularsa.

Ya ce, "Lawali, ba aikin nika ji ba. Ɗiyana na shiga kasuwa ana nuna su da baki. Ni dai na san tururuwa ce, amma na biɗi gidanta ban gani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutumin nan ko lemun gonar bai taɓa tsinka ba sai ya tambaya. Na shiga wurin Malam Sanusi. Mutumin kirki ne, sai dai in ya yanke magana kamar ya kafa turke.

Ya ce, "Wace tururuwa? Kafin a shuka ni da kaina na sa anka yi feshi. Na gan su baƙaƙe a jere, munka kashe su tas."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da ka gan su, mi suka ɗauke da shi a baki?"

"Wani farin abu."

"To gwano ka kashe, yallaɓai. Gara yaka kama maka, kyauta."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce in zan tafi kallon ƙwarina in tafi, amma Litinin ba za ta jira ni ba.

Asabar da sallar asuba na hau babur zuwa Bakura, don tururuwa da sanyin safiya take fita, rana na zafi ta koma. A gonar na fara jin abin da ba a faɗa a ofis ba: ranar da aka shuka injin ban-ruwa ya lalace, irin ya kwana uku a busasshiyar ƙasa. Wannan kuwa ai an buɗe mata rumbu ne. Matsalar ita ce yanzu ba abin da ya rage a fangalin, don haka ta daina zuwa. Sai na barbaɗa ɓarzajjen gero a gefen fangali da kan gaɓar magudanar ruwa, muka tsuguna. Cinnaka ya zo, na ƙyale shi. Kiyashi ya zo, na ƙyale shi. Ƙafafuna har sun mutu sannan wata baƙa mai ƙaton kai ta ɓullo, ta ɗauki tsaba ɗaya ta juya. Na ɗora mata madubi, na ce wa Baba, "Ga ɓarauniyarka."

Muka bi ta a sunkuye, dattijo da mai iyali, muna tafiya kamar masu neman allura. Wasu mata masu zuwa yankan shinkafa suka tsaya suna tambaya ko lafiya. Ta haye magudanar ta kan wani karan dawa da ya gitta, abin da ya ɓatar da Baba ke nan, don shi a wannan gefen yake ta nema. Daga can ta faɗa wata siririyar hanya a share tas cikin ciyawa. Mun yi taku wajen sittin sannan muka iske ramin a gindin wata magarya, kewaye da zoben ƙaiƙayi. Na ɗebi ƙaiƙayin a tafin hannu na duba, ga ɓawon irin albasa baƙi-baƙi a ciki.

Na hana a taɓa. Na buga wa Malam Sanusi waya na ce ina roƙonsa ya zo ya gani da idonsa. Ya iso da hantsi, fuska ba walwala. Baba Nahantsi ya karɓi fartanya ya ce a bar masa, don yana yaro ya ga innarsa na tonon gidan tururuwa a shekarar yunwa. Bai sari bakin ramin ba, ta gefe ya shiga a hankali, suna cizonsa bai ko yarfe hannu ba. Ɗaki na farko tsabar ciyawa. Na biyu ma haka. A na uku, da ya kai zurfin kamu ɗaya, sai ga irin albasa a tare wuri guda, a bushe, kamar an auna an zuba.

Baba ya kwashe shi cikin hularsa, ya miƙe, ya miƙa wa shugaba da hannu biyu.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga amanarka."

Malam Sanusi ya daɗe yana kallon hular. Sannan ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini." A gaban leburori duka ya faɗa, kuma na girmama shi a kan haka. Da ya juyo gare ni sai ya ce, "Sarkin Tururuwa, Allah shi ja zamaninka." Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ni kuwa kaina ya fi ƙarfin hulata.

Kafin mu tafi Baba ya tattara tsabar ciyawar ya mayar bakin ramin. Ya ce wagga tasu ce, su ma sun wahala kafin su tara.

Abin da aka samu bai kai rabin irin ba, amma an sake shuka shi da ruwa a ranar, an rufe da ciyawa, ya kuma fito. Takardar korar ba a sake jin labarinta ba. Baba ya ƙara shekara huɗu sannan ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Shi ya sa nake muku faɗa in kun rubuto mini rahoto kun ce "ƙwari sun yi ɓarna". Wane ƙwaro? Me ke bakinsa? Ina gidansa? A gonar nan an kashe gwano mai taimakonmu, an kusa korar mutumin da ya fi mu duka gaskiya, ita kuwa mai laifin tana taku sittin daga wurin. Abin da ya raba gardama shi ne mutum ya yarda ya durƙusa ya duba. Madubin yana aljihuna har yanzu, wanda ke son aro ya zo.