Sabo Mai Awon Teku da Turakun Kwarin Sharaɗa

Bana shekara tara ke nan da muka kai Malam Sabo makwancinsa. Aji uku na yi na gudu, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, haka mai shi ma yake tafiya.

A layin leburori muka haɗu, ƙofar wani kamfanin fata a Sharaɗa. Ya ce shi tsohon sojan ruwa ne, a jirgin awo ya yi aiki. Na ce, "Masara kuke aunowa ko shinkafa?" Da ya gama dariya ya ce zurfin teku suke aunawa, su zana inda dutse yake da inda yashi ya taru, don kada jirgi ya kafe. Wai har ƙasashen maƙwabta ake ba wa zanen. Na ce lallai gwamnati ta rasa aikin yi.

Da damina, baƙin ruwa kan cika kwarin da ke tsakanin unguwarmu da kamfanoni. Wanda ya zagaya ta titi ya makara, wanda ya makara kuwa ba a ɗaukarsa aiki ranar. Sabo ya samo gora, ya yi kwana uku yana dogara ta cikin ruwan, har ya gano hanyar da ba ta wuce gwiwa.

Na ce, "Sabo, mu biyu muka sani, mu biyu za mu ci."

Washegari sai ga shi ya kafa turaku da tsummokara, yana nuna wa mutanen Nijar da na Filato. Masu jini a jika suka riƙa riga ni, sau biyu ina komawa gida hannu rabbana. Na daina gaishe shi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗanjuma, kai kaɗai ba za ka iya tsaron ruwa ba."

Kwana shida muna haka aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Na yi sammako don in riga kowa, sai na tarar da Bitrus, mutumin Filato, tsaye da gora a bakin kwarin. Ya ce, "Baba, kada ku bi turke na huɗu, ƙasa ta zame, ruwan wurin ya shanye gorar nan duka." Ni da ko a baho ban iya iyo ba.

Yanzu ina ji a rediyo wai jiragen awo da sauti suke auna teku, har hafsoshin maƙwabta na hawa su koya. Na san Sabo ba na'urar ce za ta burge shi ba. Tambaya zai yi ko su ma suna aiko da abin da suka gani a nasu ruwan.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Amma duk damina wani yakan sake kafa turakun, mutanen da ko sunansa ba su sani ba. Ni kuma, da gwiwa ta ƙi, ina zaune bakin kwarin ina nuna wa kowane baƙo hanya, har da wanda zai karɓe gurbin ɗana a layi. Allah ya jiƙan Sabo.