Ƙuri'ar da Ta Raba Inna da Hansai

Wata Laraba ce a tsakiyar damuna, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, na farka na tarar da sama kwance a tsakar gidanmu. Ruwa ne ya shigo shiru, gajimare na yawo a cikinsa, ƙoren Inna suna bin juna a hankali kamar an aike su. Kogin da ke bayan ƙauyenmu, a ƙasar Roni, bai taɓa hawowa haka ba. Ni dai kyau abin ya yi mini. Sai da ɗakin Baba ya durƙushe na gane ba wasa ba ne.

Kafin ruwan, danga ɗaya ce tsakaninmu da Gwaggo Hansai. Ba danginmu ba ce, maƙwabciya ce. A jikin dangar akwai kafa, daidai mutum ya sunkuya ya wuce. Matan ƙauyenmu ba sa fita da rana, amma ta irin wannan kafa mace kan zaga unguwa kaf ba wanda ya gan ta. Ta nan garwashi ke wucewa a fasasshen kasko, da gishiri, da kuka, da tsegumi. In Inna na daka, Hansai kan amsa da taɓaryarta daga can, mu kuma muna 'yar gala-gala a gindin tsamiya, tsallenmu na bin sautin turmi. Hansai ta kan leƙo ta ce, "Ke Ladi, tuwo kike yi ko gawayi?" Inna ta ce, "Shigo ki ɗanɗana, uwar kwaɗayi." Duk haihuwar da ɗaya ta yi, ɗayar ce ta riƙe ta. Nishi kawai ya isa kira.

Gwamnati ta tashe mu zuwa wani tudu a hanyar Kazaure. Aka yanka filaye layi-layi, aka bar tituna masu faɗi. Don kada a ce an yi son kai, ƙuri'a aka zuba a hula, kowane magidanci ya ɗauka. Mu muka faɗa gabas, su Hansai can ƙarshen yamma. Baba ya sami wanda ya yarda su yi musaya don mu koma kusa da su, ya je ya russuna wa ma'aikacin da ke rabon filayen ya ce, "Ranka ya daɗe, matan nan ba su taɓa rabuwa ba." Mutumin ya ce, "Malam, doka ta hana. In na yi maka, kowa zai zo." Ba mugu ba ne. Magidanta aka ce ya raba wa fili, ya raba.

Sai na zama 'yar aike. Kullum ina ratsa jan gari mara itace ko ɗaya, kwano a ka, ƙasa na rawa don zafi. Na kan sami Hansai da tsohon ciki a bakin ɗaki, kewaye da mutanen wani ƙauye da ba ta sani ba. "Ki ce wa uwarki ba gishiri," in ji ta, tana suɗe kwanon tas.

Wata hantsi na kai mata koko, na same ta durƙushe ita kaɗai. Mijinta yana tsohuwar gona, mai nisa. Ta daɗe tana nishi, ba wanda ya gane. Na ruga gida. Inna, wadda ba ta taɓa taka titi da rana ba, ta fito ba takalmi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta ratsa garin, maza na kallo. Ta riski jaririn da rai. Hansai kuwa jini ya zuba da yawa, ta cika kafin azahar. Inna ta goyo yaron, ta haɗa shi da ƙanwata a nono. Shi ne Sani, har yau Yaya yake ce mini.

Na tsufa a tudun nan. Ruwa bai sake cinmu ba, wannan gaskiya ne. Bana an ce za a taso wasu ƙauyukan bakin kogi, na ji maza a ƙofar gida suna gardamar faɗin fili da buhunan siminti. Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya, abu ɗaya zan ce: in za a ɗauko mutum, a ɗauko shi da na kusa da shi.